Da Goyo Na Zaga Dubai

Assalamu alaikum matan layinmu da 'yan ajinmu na Islamiyya. Tun ranar da na sauke jakata a Kurna ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo karɓar tsaraba sai ta zauna, wadda ta zo aron turmi ma sai ta zauna, kowa da "Sa'a, wai yaya Dubai ɗin take?" Jiya har miyata ta kama ina ba Maman Iklima labarin teku. Shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta, in huta. Kun san karatuna bai yi nisa ba, inda kuka ga rubutu ya karkace ku miƙar da shi da kanku.

Ga waɗanda ba su sani ba, Baban Walida yana aiki ne a wani kamfanin kago a Murshid Bazar, su ne masu ɗaure kayan 'yan kasuwa su auna su turo gida. Ya tafi ko arba'in ban yi ba. Yanzu ga Walida har ta fara tafiya, amma ubanta a waya kawai take ganinsa. Da bizarmu ta fito ya ce ya karɓi hutun 'yan kwanaki, zai zaga da mu gari, ya kai mu teku, ya kai mu kan dutse. Na yi murna har na kasa cin abinci. Amma abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: yarinyar nan ta saba da ubanta kafin hutun ya ƙare, don in muka juyo, Allah kaɗai ya san ranar da za su sake haɗuwa. Kuma kun san Walida da ƙiwa, ko Inna ba ta yarda da ita sai da dabara.

Jirgi dai ba zan ɓoye muku ba, da ya fara gudu duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya Rabi 'yar Maraɗi, mai sarin abaya, ta saba da hanyar kamar gidansu. Ita ta ce in ba yarinya nono lokacin tashi don kar kunnenta ya toshe, ita ta nuna min yadda ake buɗe ƙofar banɗaki. Da muka kusa sauka ta ce in leƙa taga. Kai jama'a! Teku a nan, yashi a can, ga benaye sun tsaya cirko-cirko a tsakani kamar an dasa su.

A wajen duba fasfo na fara kwasar kunya. Wani Balarabe cikin farar riga tas, ya sa na kalli wata na'ura, sannan ya nuna goyona ya yi magana. Hajiya Rabi daga bayana ta ce, "Sunan yarinya yake tambaya."

Na ce, "Walida."

Ya dubi fasfo, ya dube ni, ya girgiza kai. Na ce shi ke nan, za su ce satar ta na yi.

Hajiya Rabi ta ce, "Ke, sunan yanka yake so, na cikin takarda."

Na ce, "Hajiya, sunan surukata ne fa."

"To surukar taki tana nan ne? Faɗa masa mu wuce, ga layi!"

Wallahi bakina ƙi ya yi. Tunda aka raɗa sunan ban taɓa furta shi ba, sai yau a gaban ƙato? Mutumin ya yafito Hajiya Rabi, ta leƙa fasfon ta kira sunan da ƙarfi har na bayanmu suka ji, ta yi masa bayani da Larabcinta na kasuwa. Ya yi dariya ya ce "Yalla, mama," ya miƙo min fasfo. Ita kuwa har muka ɗauki kaya tana ce min, "Bon, ku Kanawa kunyarku sai ta sa an mayar da mutum gida."

Muna fitowa na hango shi. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana ta ɗaga hannu kamar ƙaramin yaro. Ko gaisawar kirki ba mu yi ba ya zagaya bayana yana cewa, "Hajiyata! Hajiyata, zo!" Walida ta kalle shi sau ɗaya ta tsala ihu, ta cusa fuska a bayana, ta damƙi mayafina. Ya yi dariya ya ce gajiyar hanya ce. Ni ma na ce gajiya ce, amma a baki kawai.

Masaukinmu a Hor Al Anz yake. Ku daina tunanin duk wanda ke Dubai a gidan gilashi yake kwana. Shi da ma da wasu maza yake zama, gado kan gado, saboda zuwanmu ya kama mana wani ɗaki da aka yanka da katako a cikin filat. Gefenmu 'yan Filifin, gaba Indiyawa, kicin ɗaya, kowa da ɓangarensa a firij. Ranar farko na ce bari in yi masa miyar kuka, tunda ya daɗe bai sha ta hannu ba. Ina jefa daddawa sai ga wata daga cikin 'yan Filifin ɗin ta fito da gudu tana toshe hanci, tana duba bayan firij ko ɓera ne ya mutu. Na nuna mata tukunya. Ta tsaya, ta kalle ni, ta fashe da dariya, ta buɗe wata kwalba tata ta miƙo min in shinshina. Innalillahi! Daddawarmu turare ce. Daga nan muka ƙulla, kullum sai ta karɓi tuwo, ba ta jin yarena ba na jin nata.

Washegari aka shiga gari. Jirgin ƙasansu a sama yake tafiya, kuma ba direba. Na leƙa gaba na sake leƙawa, ba kowa, sai yara suna kallon hanya. Akwai ɓangaren mata da yara zalla, an ja layi a ƙasa, namiji ya kuskura ya tsallaka sai tara. Baban Walida ya tsaya daidai bakin layin kamar wanda aka yi wa horo, ni ina zaune kamar matar gwamna. Na ce ina ma a kawo mana irin wannan a motar Bata.

Matakala mai tafiya da kanta kuwa sai da mutane suka taru a bayana kafin na iya ɗora ƙafa. Dogon benen nan da kuke gani a hoto, na ɗaga kai ina neman ƙarshensa har ɗankwalina ya zame. Mun shiga wata kasuwa mai sanyi da ta fi unguwarmu girma, a cikinta akwai bangon gilashi cike da ruwa, kifaye manya kamar tabarma suna wucewa ta saman kan mutane. Bayan magariba ruwa ya yi rawa. Rawa fa, ba wasa ba, ya tashi sama ya karkace ya dawo yana bin kiɗa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, sai da Baban Walida ya ce, "Sa'a, a hankali mana, nan ba gidan biki ba ne."

Abin da na lura, su ba sa goyo. Kowace da keken tura yaro. Ni kuwa duk inda na bi sai an waiwayo, wata tsohuwa 'yar Caina har ta zagaya tana taɓa zanin tana neman inda ƙarfen yake. Baban Walida ma ya saya wa Walida keken tun kafin mu zo, ja mai kyau, amma ana saka ta sai ta sandare. Ƙarshe ledojinmu muka zuba a ciki muna turawa.

Ya yi ta ƙoƙari, Allah ya sani. Ya sayo balan-balan, ya sayo askirim. Sai ta ƙi karɓa a hannunsa, sai ya ba ni na ba ta. Ya ce, "Ki sauke ta mana ta taka ƙasa, ko ta zo wajena da kanta."

Na ce, "A cikin wannan taron? In ta ɓace da wane yare zan yi cigiya?"

Ya ci gaba da tura keken. Ni kuma ban sauke ta ba.

Tafiyar teku abokinsa Isuhu ne ya kai mu. Ɗan Damagaram ne, yana sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor, kuma tunda muka shiga motar suke tsokanar juna. Isuhu ya ce, "Madam, yaya aka yi kika auri Bakanon nan? Ko ruwan shayi sai ya auna." Baban Walida ya ce, "Rabu da Badamagare, sai da ya zo Dubai ya fara ganin fanka." Muka bar gari muka shiga yashi ja, ga raƙuma a gefen titi an yi musu shinge, sannan duwatsu suka taso baƙaƙe ba ko ciyawa. Hanya ba ta zagaya dutse, huda shi take yi ta shige. Duk ramin da muka shiga sai na riƙe numfashi har mu fita. Muna fitowa daga na ƙarshe sai ga teku shimfiɗe a gabanmu, shuɗi kamar an zuba masa bula. Garin sunansa Korfakan.

Jirgin ruwan da muka shiga na katako ne mai hawa biyu, an shimfiɗa darduma da matasai kamar ɗakin amarya. Kafin a tashi wani Ba'indiye mai kula da fasinja ya raba rigunan da ke hana nitsewa, ya kawo wata 'yar mitsitsiya ta Walida. Ya nuna min da hannu cewa ba a sawa a kan goyo, sai na kwance. Na ce wa Baban Walida ya gaya masa goyona ya fi rigarsa ƙarfi. Mutumin ya ce sam. Dole na kwance, na miƙa wa ubanta ita don in sa tawa.

Ihun da ta yi, duk jirgin sai da aka juyo. Ta bankare, ta yi ta dukan ƙirjinsa, tana miƙo min hannu kamar za a yanka ta. Ba'indiyen nan ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Baba? Baba?" yana nuna shi, wato anya ubanta ne? Ba da mugunta ya tambaya ba, amma na ga yadda fuskar Baban Walida ta canza. Ya miƙo min ita a hankali, ya hau sama.

Duk da haka ba zan yi ƙarya ba, tekun nan ya shiga raina. Iska tana kaɗa mayafina, duwatsu a gefe sun gangaro har cikin ruwa, ana ganin ƙasan ruwan tar, ƙananan kifaye masu rawaya suna bin mu. Na ga kunkurun ruwa ya ɗago kai ya shaƙi iska ya koma, na yi ta kiran Isuhu ya zo ya gani. Da aka tsaya kusa da wani tsibiri sai Turawa suka tuɓe suka faɗa ruwa, maza da mata, na rasa inda zan sa idona, sai na zuba shi a kan abinci. Shinkafa da gasasshen kifi, gurasa, da wani abu kamar kunun gyaɗa mai kauri da ake dangwala, ashe wake ne aka niƙa. Na ci har na ji kunya. Akwai wani Bature da ya rataya jaririnsa a ƙirji cikin wata jaka mai igiyoyi, matar tana can tana iyo. Isuhu ya ce, "Bakano, dubi ƙato da goyo." Sai a nan Baban Walida ya ɗan murmusa.

Da muka je otal ɗin da za mu kwana a Korfakan, wani ɗaki mai kallon ruwa da ake buɗewa da kati, na ce bari in sake gwada miƙa masa ita. Ya ce, "Ƙyale ta, Sa'a. Kar ki ƙara tilasta mata. In ta girma ta san ni." Ya faɗa yana ninke riga, ko kallona bai yi ba. Maganar nan ta fi min ihun ciwo, don hutun saura kaɗan.

Da safe muka nufi wani ƙauye a cikin duwatsu da ake kira Shis. Mota tana da iyakarta, daga nan sai ƙafa, matakala ce ta dutse tana hawa tana hawa. Na ɗaure Walida tamau, na sa sababbin takalmana masu ƙyalli da na saya a kasuwar Naif ta Dubai, don na ce hoto za a yi. Isuhu ya kalli ƙafata ya ce, "Madam, biki za ki ko dutse?" Na yi masa banza.

Can sama abin mamaki, tsakiyar duwatsun da ba ko tsiro sai ga lambu kore shar. Dabino, mangwaro, lemo, ga ruwa yana gudu a wata 'yar hanya da aka gina masa, kamar lambatu amma fes, kana ganin tsakuwar ciki. Tsofaffin ɗakuna na dutse, ƙofofi gajeru, awaki suna tsalle a kan fa kamar na garinsu Inna. Sai na ji kamar na je ƙauye gaisuwa. Wani dattijo yana zaune a inuwa da butar gahawa, ya yafito mu. Wani ɗan'uwansa ya zo suka gaisa, hanci da hanci suka haɗa, na yi sauri na duƙar da kai kar dariya ta kufce min.

Ya zuba min gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ɗaci kamar maɗaci, ba sukari. Na daure na shanye don kar ya ce na raina, na miƙa masa kofin. Ya sake zubawa. Na shanye, ya sake. Ina ta haɗiya ina hawaye, shi kuma yana ta murna ya samu mai son gahawarsa. Baban Walida da Isuhu suna gefe suna danne dariya, sai da na harare su Isuhu ya ce, "Girgiza kofin, Madam! In ba ki girgiza ba har la'asar zai yi ta zubawa." Na girgiza, dattijo ya ce "Khalas?" wato ya isa? Na ce khalas, Baba, khalas har abada.

A gangarowa ne abin ya faru. Takalmin gayun nan ya zame a kan wani dutse mai santsi. Allah ya taimake ni na faɗi ta gaba a kan gwiwa, Walida ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma idon sawuna ya murɗe. Na miƙe na taka, na ji har cikin kaina. Ni kaɗai ma da ƙyar, balle da goyo. Ga mota can ƙasa kamar akwatin ashana, ga hanya siririya, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami.

Baban Walida ya karɓe ta a hannu. Ta fara aikin nata, tana bankarewa tana zillo, shi kuma yana buƙatar hannu ɗaya ya dafa dutse. Taku kaɗan ya yi na ga ta kusa suɓuce masa. Na ƙwalla ƙara na ce ya tsaya.

Na ce, "Baban Walida, duƙa."

"In yi me?"

"Ka duƙa na ce. Yarinyar nan ba ta san hannu ba, baya ta sani."

Ya waiga hagu da dama ya ce, "Sa'a, goyo? Ni? A gaban wannan Badamagaren?"

Isuhu har ya ciro waya. Ya ce, "Wallahi yau sai Murshid Bazar ta gani. Duƙa, Bakano, yalla!"

Ya duƙa. Na ɗora ta a bayansa tana ihu, na yafa zani. Nan na gane abin da ban taɓa tunani ba: ƙirjin namiji ba abin da zai riƙe zani. Na soke ya zame, na sake sokewa ya zame. Ƙarshe na ɗauko majanyi na bi ta kafaɗarsa na ƙulle tamau har ya ce zan karya masa haƙarƙari. Na sake duba ƙullin, don tunda na haife ta ban taɓa barin wani ya goya ta a inda ba katifa a ƙasa ba. Na ce, "Ka riƙa jijjigawa, ka sa hannu ta baya kana ɗan bubbuga ta." Wani mai aikin lambu ya saro min reshen dabino na dogara, muka fara sauka, Isuhu a gaba, shi a tsakiya, ni a baya ina ɗingishi, idona a kan ƙullin.

Ta yi kuka, ta yi kuka. Shi kuma yana tafe yana jijjiga kamar tsohuwar ungozoma, yana cewa, "Yi haƙuri Hajiyata, yi shiru uwata, mun kusa." Can sai kukan ya koma ƙunƙuni. Na ga ta saki dukansa ta kama wuyan rigarsa. Ta miƙa hannu ta taɓa hularsa, ta ja, ta saki. Sannan ta kwantar da kumatu a tsakiyar bayansa. Kafin mu wuce lambun ƙarshe ta yi barci, miyau yana jiƙa masa riga.

Ya tsaya cak, ya ce da ƙaramar murya, "Sa'a, me ya faru? Na ji ta yi nauyi."

Na ce, "Barci ta yi."

Bai juyo ba. Isuhu ma da bakinsa ba ya shiru, sai ya mayar da wayar aljihu.

Da muka iso mota na ce ya duƙa in kwance ta. Ya ce a'a, kar a tashe ta. Ba a zama a mota da goyo, don haka ya tsaya a inuwar wani dutse yana kai da komo, Larabawa da Turawa suna wucewa suna kallonsa, ko a jikinsa. Ni ina zaune ƙofa a buɗe, Isuhu ya samo min ƙanƙara na ɗora a ƙafa, muka yi ta jira. Da ta farka na kwance ta, ya juyo da ita gabansa. Ta kalle shi ta daɗe, sannan ta damƙi gemun ta ja da ƙarfi. Ya ce "Wash!" Ta ƙyalƙyale da dariya.

Sauran kwanakin a ɗaki na yi su da ƙafa a kumbure, kuma ban yi baƙin ciki ba. Shi ya yi ta fita da ita shago, shi ya ba ta shayi da cokali. Wadda na yi wa alkawarin turare ban kawo ba, to kin ji dalili.

Ranar dawowa, a bakin inda masu rakiya ke tsayawa, ya miƙo min ita. Ta ƙi. Ta maƙale wuyansa da hannu biyu, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta tsala irin ihun nan nata, tana miƙa hannu ta bayana, wajensa. Ya ɗaga mana hannu ya juya da sauri, ban ga fuskarsa ba. Haka ta yi ta kuka a layin duba kaya, ta yi a wajen jira, ta yi a cikin jirgi, mutane suna ta juyowa suna tsaki. Wata mata ta ce, "Baiwar Allah, ki rarrashe ta mana." Na ce, "Bar ta, Hajiya, babanta take wa kuka."